Fitsarin ƙanena ya koma kamar Coca-Cola bayan atisaye

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena mai shekara 19 yana buga wa ƙungiyar unguwarmu ƙwallo. Jarrabawa ta hana shi taka fili wata biyu, shekaranjiya ya koma, koci ya sa su tsallen kwaɗo da tsuguna-tashi da gudu cikin zafin la'asar. Yau da safe sai da na kama shi ya sauka daga gado, cinyoyinsa sun kumbura sun yi tauri kamar katako. Abin da ya tayar min da hankali shi ne fitsarinsa: ɗan kaɗan, baƙi-baƙi kamar Coca-Cola. Mai kemis ya ce tsamin jiki ne, ya ba shi diclofenac. Hajiyarmu kuma ta ce a gasa masa da ruwan zafi. Don Allah me kuka gani?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka kai shi babban asibiti yau, kar a kai gobe. Tsamin jiki ba ya sauya launin fitsari. Wannan ya yi kama da abin da likitoci ke kira rabdomayolisis, wato ruɓewar naman jiki saboda aikin da ya fi ƙarfinsa. Tsoka kan farfashe ta zuba wani sinadari mai suna mayogulobin cikin jini, shi ne ke rina fitsari, kuma shi ne ke toshe ƙananan hanyoyin ƙoda. Haka nan sinadarin fotashiyam na iya hauhawa har ya rikita bugun zuciya. Diclofenac ɗin nan a dakatar da shi yanzu, shi da ibuprofen, don ƙara wa ƙoda wahala suke. Ya riƙa shan ruwa a hanya, amma kar ku ce ruwan gida zai wadatar, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata. Ka faɗa wa likita labarin atisayen tun farko, a yi masa gwajin CK, wato sinadarin da ke hauhawa a jini in tsoka ta lalace, da na ƙoda. In CK ya ninka iyakarsa sau 5 ko fiye, cutar ce.

Wani ɗan uwa: Allah Ya ba shi lafiya. Anti, ba shawara ba ce kuwa, ko maleriya mai tsanani? Su ma ai suna baƙanta fitsari.

Ma'aikaciyar jinya: Suna yi, shi ya sa sai an gwada. Amma ka dubi yadda abin ya zo: hutu mai tsawo, atisaye mai tsanani, sannan bayan kwana ɗaya zuwa uku ga kumburi ga fitsari. Kuma in cinyar ta fara mutuwa ko ciwon ya wuce misali, a gaya wa likita nan take, kumburin na iya danne jijiyoyi har sai an yi tiyata.

Wani tsohon koci: Abin nan ya taɓa ni, don laifin yawanci namu ne masu horarwa. Yaro ya dawo daga hutu, sai mu ce ya rama abin da ya wuce a yini ɗaya. Ko a Amurka an yi: a Janairun 2011 an kwantar da 'yan wasan Jami'ar Iowa 13 bayan an sa su tsuguna-tashi sau 100 da ƙarfe a kafaɗa, suna dawowa daga hutu. Ni yanzu duk wanda ya dawo, makon farko rabin aiki yake yi, jarkar ruwa tana bakin fili, ba na hukunci da tsallen kwaɗo, wanda zazzaɓi bai gama sakinsa ba kuwa benci zai zauna. Malam, ka kuma bincika jinsin jininsa, wato ko AA ne ko AS. Masu AS, wato waɗanda suka gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya kawai, da yawa muke da su, lafiyarsu ƙalau, amma zafi da ƙishirwa da gudu ba hutawa sun fi yi musu illa. In ya warke kar ya koma fili sai likita ya amince.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Muna asibiti, an ɗebi jini, ledar ruwa ta biyu ake ƙara masa. Likita ya ce za a riƙa auna fitsarinsa har safe. Hajiya ta ce AS ne shi, tun yana yaro aka gwada, kocinsu ma bai sani ba. Ku sa shi a addu'a.