Mun yi taron falkaswa na kwana uku, amma Mama ta kwanta mako uku ba wanda ya sani

Baban Ladi, Jalingo

Salama gare ku 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi mata shimfiɗa.

Ni ne ma'ajin wata majami'ar Methodist a gefen garin Jalingo, ba sai na faɗi sunanta ba. Da yake littafin kuɗi a hannuna yake, na san abin da taron falkaswa ke ci mana. Duk shekara in an gama kaka, kafin Kirsimeti, sai mu ware kwana uku. A ɗauko hayar rumfuna da kujerun roba, a ƙaro lasifika, a cika janareta da mai, a gayyato baƙon mai wa'azi, a sallame shi da kuɗin mota. Na bara ya cinye baikon kusan wata biyu. Daren ƙarshe mutum 43 suka fito gaba don tuba, ni na ƙirga su, wasu da hawaye. Ni kaina tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba.

Sai ga watan Fabrairu. Akwai wata gwauruwa a cikinmu, ta ba saba'in baya, kullum a benci na uku ɓangaren mata take zama. Ashe ta kwanta ciwo, Lahadi uku ba ta zo sujada ba, kuma ba wanda ya lura. Maƙwabciyarta, wata Musulma mai tuyar ƙosai, ita ta sa ta a keke ta kai ta asibiti, ita ta biya kuɗin kati. Da aka sallamo su matar nan ta tako har ƙofar gidana, muka gaisa, sai ta ce, "Baban Ladi, ashe ku ba kwa cigiyar mutanenku?" Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Cikin mutum 43 ɗin nan kuwa, yau in na duba benci da kyar nake ganin goma.

Wata mai zuwa kwamiti zai zauna kan kasafin bana. Zuciyata na ce mini in tashi in ce a bar taron, amma in sun ce to me za a yi a madadinsa, ba ni da ta cewa. Akwai wanda majami'arsu ta gwada wani abu ya ɗore?

Tsohon Hedimasta, Zing

Baban Ladi, sannu da ɗawainiya. Abin da kake nema yana cikin gadon gidanku, ƙura ce ta rufe shi.

A shekarar 1742 jama'ar John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, a garin Biristol na Ingila bashi ya yi musu katutu, na ginin ɗakin taronsu. Suka zauna neman mafita kamar yadda kwamitinku zai zauna. Aka ce kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya duk mako. Wani ya ce ai akwai matalautan da ko kwabon ba su da shi. Sai mai shawarar ya ce a haɗa shi da mutum 11 mafiya talauci, zai riƙa zagaya su duk mako, wanda ya kasa shi zai biya masa. Haka aka rarraba jama'a kashi-kashi, wajen mutum 12 a kowane aji, da shugaba guda.

To ka ji inda abin ya juya. Masu zagayen karɓar kwabo suka fara dawowa da labarin da ba na kuɗi ba: gidan wane ana rigima, wane ya koma shan giya, wance ba ta da lafiya. Wesley ya ce ai abin da ya daɗe yana nema ke nan. Daga baya aka ga bin gida-gida na cin lokaci, sai aka mai da shi zama wuri ɗaya sau ɗaya a mako, shugaba ya tambayi kowa yadda ransa yake tafiya da Ubangiji. Duk wata uku a ba mutum kati, wanda ya yi watsi da ajinsa ba a sabunta masa. Ka ga a irin wannan tsari ba yadda za a yi mutum ya ɓace Lahadi uku.

Kada ka ɗauka Wesley ba ya son taron jama'a. Tun 1739 yake wa'azi a fili, dubbai na tsaye suna ji. Sai dai ya ƙudurta ba zai yi wa'azi inda ba zai iya bin sawun mutanen daga baya ba. Mu mun riƙe wa'azin filin, mun saki bin sawun.

Wani abu kuma da mu 'yan Methodist muke mantawa: fasto baƙo ne. Bishop ya turo shi, bishop zai ɗauke shi in lokaci ya yi. Kafin ya gama sanin gidajen mutane an yi masa canji. Shugaban aji kuwa ɗan unguwa ne, yana nan daram.

Ni ba a littafi na fara ganin wannan ba. Iyayenmu a Lardin Muri, tun daga aikin bishara da wani ɗan mishan mai suna Guinter ya fara a garin Bambur a 1923, ba su ma amsa sunan Methodist ba sai daga baya. Amma ina yaro a ƙauyenmu, da asuba mai bishara zai buga ƙarfen da ke rataye a bishiya, a taru addu'ar safe. In ba a ga mutum ba, kafin a tafi gona an leƙa gidansa. In ciwo ne, a yi masa gayya a nome gonarsa. Ba mu kai mutum 60 ba a lokacin, shi ya sa ya yiwu. Ku yanzu kun yi ɗaruruwa, dole ku karkasa kanku.

Mai Jita

Baba Hedimasta, na gaishe ka da girmamawa, amma a yi mini afuwa, ban yarda a soke taron ba.

Ni a irin wannan taro Ubangiji ya kama ni. A lokacin ƙwaya nake sha, majami'a kuwa na yi shekara biyu ban taka ba. Kiɗa na jiyo daga bakin titi na shigo kallo, na tsaya can baya wajen masu babura. Da a ɗakin wani dattijo ne mutum 12 ke zaune a da'ira, wa zai shigar da ni? Wesley ɗin ma ai dare guda gare shi da yake tunawa, 24 ga Mayu 1738 a titin Aldersgate a Landan, inda ya ji zuciyarsa ta ɗumama. Akwai abin da ke faruwa da mutum a dare ɗaya.

Sannan maganar kowa ya faɗi halin da ransa ke ciki, mu faɗa wa juna gaskiya. Na taɓa gaya wa wani babba damuwata don ya taya ni addu'a, kafin Lahadi ta zagayo har mahaifiyar yarinyar da nake nema ta ji. Wai "abin addu'a" aka kai mata. In ba a magance tsegumi ba, matasa za su zo ajin, su ce lafiya lau, a yi addu'a a watse.

Maman Tagwaye, Karim Lamido

Ina ta karanta ku ina murmushi. Maza sun tafi har Ingila neman abin da Zumuntar Mata ke yi duk mako a bayan majami'arsu.

Mu muna kiran suna. Wadda ba ta amsa ba sau biyu a jere, a tashi mata biyu su je. Haihuwa, rasuwa, jinya, kowa ta kawo mudun masara ko sabulu ko ɗan abin da ya sawwaƙa. Ba mu taɓa hayar lasifika don wannan ba.

Amma Baban Ladi, kafin in yabi kanmu da yawa, ka bincika mini abu guda. Maman nan tana cikin Zumunta? In tana ciki, ya aka yi ba a neme ta ba? In ta daina zuwa, me ya hana ta? Na tambaya ne don mu ma mun taɓa yin wannan kuskure. Aka fito da sabon zanen zumunta, aka ce ranar taron gunduma wadda ba ta ɗaura ba kada ta shiga layi. Tsofaffi uku suka janye jiki a hankali, ba wadda ta ce don kuɗi ne, kunya ba za ta bar su ba. Sai da aka kusa shekara muka farga. Mutumin da Baba Hedimasta ya ba da labarinsa, wanda ya ce a ba shi matalauta 11, shi ne ya fi burge ni a duk zancen.

In za ku raba aji, ku raba bisa unguwa, kada ku bar mutane su zaɓi abokan zamansu. In kun bari, Mumuye za su koma gefe guda, Wurkum gefe guda, Jenjo gefe guda, ma'aikatan gwamnati su ware daga 'yan kasuwa. Kuma kun san halin da muke ciki tun rabuwar 2024, da wasu suka bi Global Methodist wasu suka tsaya a United Methodist. Ba zan shiga wa ke da gaskiya ba, na gaji da wannan muhawara. Abin da na sani, ƙanen mijina yana ɗaya ɓangaren, mun yi wata biyar gaisuwa sama-sama. Ranar da surukata ta rasu, matan ɓangarensu ne suka fara iso da itace da tukwane, tare muka kwana muna girki. A bakin murhun nan muka fara magana kamar da.

Kai kuma ɗana Mai Jita, maganarka ta tsegumi gaskiya ce. Mu dokarmu, wadda ta fitar da maganar jinya ko ta aure waje, shugaba da kanta za ta same ta a gida. Sau ɗaya aka yi, ba a sake ba. Amma in tambaye ka, bayan daren da ka fito gaba, wa ya riƙe ka?

Mai Jita

Mama, kin kama ni. Shugaban mawaƙa ne. Duk Alhamis sai ya biyo ta gidanmu da babur ya ɗauke ni zuwa koyon waƙa, ko ina so ko ba na so. Wajen wata takwas yana haka. Shi ya koya mini jitar ma.

Baban Ladi, Jalingo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maman Tagwaye, na sa maman Ladi ta bincika. Yadda kika zata haka ne: tun bara Mama ta daina zuwa Zumunta, bashin kuɗin wata-wata ya taru mata, sunanta kuma ba a share shi ba, an dai daina kiransa.

Jiya da dare na ɗauki biro na ce bari in rubuta gidajen 'yan majami'armu 12 mafi kusa da nawa. Na tsaya a bakwai. Ni da nake ɗan kwamiti shekara shida.

Ga abin da zan kai gaban kwamiti: taron ya tsaya saboda irin su Mai Jita, amma kwana biyu, fastonmu da na maƙwabta su yi wa'azi. Kuɗin da ya ragu a ajiye don jinya. Kafin taron a raba unguwanni, domin duk wanda ya fito gaba a miƙa shi hannun wani a daren. Na san akwai dattijo guda da zai ce muna rage wa aikin Allah daraja, ina shirya masa.

Ranar Asabar ni da maman Ladi za mu je mu yi wa mai ƙosan nan godiya, har yau ba mu mayar mata da kuɗin katin ba. Baba Hedimasta, zaman farko na unguwarmu a tsakar gidana za a yi. In an gama waƙa da addu'a, da wace tambaya zan buɗe, yadda mutane ba za su ce mini lafiya lau su yi shiru ba?