Musayar Waƙa: Hoton Bakin Ruwa a Bazara

Ƙane:
Yayana, ina da tambaya a kan hoton bakin ruwa,
Bazara ta kankama, tafki ya janye, tsuntsaye suna taruwa,
Wane lokaci ne haske yake ba da hoto mai gamsarwa,
Tun da ƙyallin tsakar rana ba ya barin a ga ko kainuwa?

Yaya:
Ƙanena, ka yi sammako, ka isa gaɓa tun rana ba ta kai ga fitowa,
Domin da asuba iska takan kwanta, tafki ya zama madubi ba girgizawa,
Idan kuma iska ta fi ruwan tafkin sanyi, tururi yakan tashi yana lulluɓewa.
In dole ta kai ka da rana, ɗaura wa kyamara gilashin tace ƙyalli kana juyawa,
Ka bar rana a gefen kafaɗarka, a nan ya fi aiki, har a hango ƙasan ruwa.

'Yar'uwa:
Yaya, na ji batun haske, amma a san tsuntsun kafin a kai ga dannawa.
Zalɓe yakan tsaya cik inda ba zurfi, yana dakon kifi cikin natsuwa,
In ya tashi sama yakan naɗe wuyansa, shamuwa kuwa nata take miƙewa,
Wanda ya san haka, ko daga nesa ba zai kira zalɓe shamuwa.

Yaya:
Gaskiyarki, ƙanwata, sai dai sanin tsuntsu ba ya hana hoto dusashewa,
Kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ne saurin ƙiftawar kyamara da ke kama fiffike yana kaɗawa.
Kogi kuwa haƙuri yake so: a kafa kyamara a kan ƙafa uku ba motsawa,
A bar ta daƙiƙa guda a buɗe, ruwan ya fito sumul, duwatsu na nan a tsayuwa.

Ƙane:
To idan na ga sheƙa a cikin ciyawar gaɓa, zan iya matsawa?

'Yar'uwa:
A'a, ɗan'uwana, wannan kam ban yarda ba, ko da hoton zai jawo yabawa,
Uwa in ta firgita ta tashi, ƙwai yakan rasa mai yi masa inuwa,
Zafin bazara kuwa ba ya daɗewa yake kashe abin da ke shirin ƙyanƙyashewa.
Ka sa gilashin jawo nesa mai milimita 400, ka zauna can baya kana dubawa,
In ka ga ta ɗaga kai tana kallonka, ka ƙara ja da baya kafin ɗaukawa.