Waɗanda suka riƙe baiwar da Allah Ya ba su duk da matsi, ku zo mu ji daga bakinku

'Yar Gwale:
Assalamu alaikum. Ina koyar da yara Alƙur'ani a wata Islamiyya, kuma tun ina budurwa na san nan Allah Ya buɗe min. Yaron da ya gagari kowa, in ya zo hannuna sai ya nutsu. To amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya kusa cinye ɗan alawus ɗin. Yayata ta ce in bari, mu riƙa sarin atamfa a Kantin Kwari muna kaiwa gidaje. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan tsaka mai wuya, ya faɗa mana yadda ya yi. Ba wa'azi nake nema ba don Allah.

Ɗan Karofi:
Wa alaikumus salam Malama. Ni marini ne a Ƙofar Mata, gado na yi. Na taɓa bari, shi ya sa zan yi magana. Yadin waje mai araha ya riga ya karya mu, sannan bayan harin bama-baman da aka kai Kano a Janairun 2012 Turawan da ke zuwa kallo suna sayen zane suka ɗauke ƙafa. Ramuka da yawa suka koma juji. Na sayar da ɗan abin da nake da shi na kama acaɓa. Kuɗi na shigowa kullum, ba ƙarya, amma in na bi ta Ƙofar Mata na jiyo warin baba sai jikina ya mutu. Da gwamnati ta hana acaɓa a farkon 2013, dole na dawo. Ranar da na sake haɗa baba da toka, na tsoma farin yadi na ɗaga, ya fito kore-kore yana shan iska yana komawa shuɗi a hannuna, wallahi sai da na juya baya kada yara su ga idona. Har yau ban yi kuɗi ba. Teloli dai suna turo oda ta WhatsApp, ana ci ana sha, kuma ina barci.

Mai Gyaran Waya:
Baba Allah Ya ƙara girma, amma ni nawa labarin akasin naka ne. Shagona na cikin waɗanda suka ƙone a gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016. Da safe ko ƙyauren ƙofa ban samu ba, sai ƙarfe a lanƙwashe. Na nace sai na koma kasuwa, wai ita aka halicce ni dominta, na ci bashi na sake karyewa. Ashe sabo ne kawai. Wani ƙanena ya ja ni kasuwar waya ta Farm Centre na zauna ƙarƙashin yaron da na girma, ina koyon canza sikirin. Nan na gane hannuna na gyara ne, ba na ciniki ba. Yanzu ni ke koya wa wasu. Malama ki duba da kyau, baiwa ce ko sabo.

Na Kan Keke:
Shan inna ta kama ni ina ƙarami. Dangi suka ba mahaifina shawarar a riƙa ajiye ni bakin masallacin Juma'a da ƙoƙo, ya ce ba da ɗansa ba, ya kai ni wajen mai walda. Kekunan guragu nake ƙerawa. Matsalarmu wuta ce, in babu sai janareta, man kuma kun san yadda yake. Akwai watan da keke ɗaya tal na sayar. Amma wanda ya rarrafo ya shigo shagona ya fita yana tuƙa kansa, wannan ba ni da bakin kwatanta shi.

Almajirin Malam:
A yi min afuwa, tunatarwa ce kaɗan. Abin da aka halicce mu dominsa ibada ce, Suratuz Zariyat aya ta 56. Sana'a hanya ce. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa. Sayar da atamfa da gaskiya ma ba zunubi ba ne.

Maman 'Yan Biyu:
Akaramakallahu an ce banda wa'azi, amma dai ka faɗi gaskiya. Malama, ni irin aikinki nake yi a Rijiyar Lemo. Kuɗin mota ne ya kore ni daga makaranta, ban daina koyarwa ba. Na roƙi maigida ya bar min zaure, na shimfiɗa tabarmi, yara da safe, matan aure bayan La'asar. Kada in ɓoye miki, kuɗin Laraba ba kowa ke kawowa ba, kuma ba kya iya korar ɗan maƙwabciya. Abin da ya riƙe ni, matan da ke zuwa karatu su ne masu sayen turaren wuta da hijaban da nake ajiyewa a gefe. Atamfar yayarki ma za ta shiga. Gidan da kike na haya ne ko naku? In na haya ne, fara jin ta bakin mai gidan kafin ki sanar da iyayen yara.