Gyaran dokar ilimi a jiha: ina ya kamata iyaye su fi matsa lamba?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum. Idan majalisar dokokin jiha za ta gyara dokar ilimi, ta taɓo kuɗi da manhaja da tsaro da haƙƙin iyaye, wanne ya kamata ƙungiyar iyaye da malamai ta fi riƙewa a zaman jin ra'ayin jama'a?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Ku riƙe kuɗi, Baban Hafsat. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko. Amma jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta zuba nata rabin, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ta kai tsarin ayyuka, ta tarayya (UBEC) ta amince. A nan ake maƙalewa: a rubuta kuɗin a kasafi, a ƙi sakinsu, tallafi ya yi ta kwana a Abuja alhali yara na zaune a ƙasa. Ku nemi doka ta ce a cire kason jiha tun daga tushe, a kuma wallafa sunan kowace makaranta da aikin da aka ba ta da kuɗinsa.

Hajiya Lauya:
Kada ku ɓata ƙarfinku a kan manhaja. Hukumar tarayya ta NERDC ke tsara ta, a kanta kuma hukumar jarrabawa ta NECO ke jarraba yara. Jiha ƙari kawai za ta iya yi. Haƙƙin iyaye kuwa yana sashe na 38(2) na kundin tsarin mulkin 1999: ba a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Sai dai akwai nauyi a kanku. A dokar UBE, uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta, karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1. Mai karɓar kuɗin makaranta a firamaren gwamnati shi ma laifi ya yi, tararsa har naira 10,000.

Tsohon Shugaban Makaranta:
Hajiya, a ƙara da tsaro. Inda aka sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamba 2020 da Jangebe a Fabrairu 2021 duk makarantun kwana ne, kuma cikin dare aka shiga. Cewa "a samar da tsaro" bai isa ba. Doka ta faɗi wa zai biya kuɗin katanga da albashin masu gadi, wa ke da ikon rufe makaranta idan an sami rahoton barazana, da inda za a mayar da ɗalibai. In ba a tanadi wannan na ƙarshen ba, 'yan mata da yawa daga rufewar ba sa komawa aji.