Mi ya sa palu (zazzaɓin cizon sauro) ke yawan kada ni tun da na samu ciki?

Amaryar Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Cikina na fari ne, wata 5 yanzu, ni da nike shekara biyu ukku masassara ba ta kwantar da ni ba amma damanar ga sau biyu palu na kada ni, dasashina ma jini yake in na goge haƙora. Uwar mijina ta ce laulayi ne in yi haƙuri, sajfam (ungozomar likita) kuma ta ce garkuwar jiki ce. To mi ya haɗa ciki da garkuwar jiki don Allah?

Anti Sajfam, Yamai: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah shi raba lahiya. Ki duba, ɗan da ke cikinki rabinshi na ubanshi ne, wato baƙo ne ga jikinki, kuma aikin garkuwa shi ne korar baƙo. To sinadaran ciki, barin dai projestaron da istrojen da hCG (wanda ake gani a gwajin fitsari), su ke lallashin sojojin jini su ƙyale shi ya zauna. Garkuwar na nan ba ta mutu ba, salon aikinta ne ya canza, wani gefen ya lafa wani ya ƙaru. Dasashin ma sinadaran nan ne ke sa shi kumburi.

Palu kuma nashi wayon daban ne, ƙwayoyin jinin da ya kama su kan je su laƙe a mabiyiya inda jiki bai saba yaƙarsu ba, shi ya sa mai cikin fari ta fi shan wuya, a ciki na biyu na ukku jiki ya riga ya gane su. Yana jawo ƙarancin jini, jinjiri ya zo ƙarami. Ki riƙa zuwa awo, ana ba da Fansidar, maganin rigakafin palu, daga sati 13, wata guda tsakani, aƙalla sau 3, kuma ki kwana cikin sange ko da zafi.

Maman Biyu: Wallahi yanzu na gane! Yayata na da ciwon gaɓoɓi irin wanda jiki ke cin kanshi, duk ta yi ciki sai yatsun su saki har ta yi daka, bayan arba'in kuwa ya dawo sabo fil. Mu da muke cewa albarkar ɗa ce.

Ɗan Adar: Ku kula da ruwan sha ma. Ciwon hantar nan nau'in E da ya ɓarke a Diffa a 2017, mata masu ciki ya fi kashewa. Amarya a gaida Hajiya, amma zazzaɓi ga mai ciki ba na jiƙo ba ne, a tai likita a yi gwaji.

Amaryar Tawa: Na gode sosai. Anti Fansidar ɗin sau ɗaya na sha, ranar Talata ce awona, in na je da kaina zan tambaya ko su za su ba ni?

Anti Sajfam, Yamai: Ki tambaya, ki tai da karnenki su rubuta, kuma ki faɗa musu maganin palun da kika sha da ranar da kika gama shi.