Tambaya: raba mutane zuwa Gen X, Mileniyal da Gen Z zai yi aiki a binciken ra'ayi a Kano da Damagaram?

Sadisu_Fagge

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana ƙididdiga da ke wannan zaure. Ana shirin binciken jin ra'ayin masu sauraron rediyo, mutum 400, rabi a Kano rabi a Damagaram. Masu ba da aikin sun ce a fito musu da sakamako tsara-tsara: Bebi Buma, Gen X, Mileniyal da Gen Z. Sun kuma nemi a saka tambayar "wace tsara kake ɗaukar kanka a ciki?"

Abin da nake son sani: daga wace shekara zuwa wace kowane suna yake tsayawa, don kowane shafi da nasa lissafin? Kuma su mutanen da ake laƙaba wa sunayen, suna amsa su kuwa? In tambayar ba za ta ba da amsa mai amfani ba, gara a gyara ta tun ba a buga takardun ba. Allah ya saka da alheri.

Malam Kabiru Zariya

Wa alaikumus salam, Malam Sadisu. Iyakokin da aka fi aiki da su na cibiyar bincike ta Pew ne a Amurka: Bebi Buma haihuwar 1946 zuwa 1964, Gen X 1965 zuwa 1980, Mileniyal 1981 zuwa 1996, Gen Z 1997 zuwa 2012. Kafin su akwai waɗanda ake kira tsarar masu shiru, 1928 zuwa 1945. Saɓanin da kake gani a shafuka gaskiya ne, babu hukumar da ta yanke. Mark McCrindle, wani mai binciken zamantakewa na Ostireliya, yana fara Gen Z daga 1995 ya tsaya a 2009. William Strauss da Neil Howe, waɗanda suka ƙirƙiro sunan Mileniyal, daga 1982 suka fara nasu. Duk wanda ka zaɓa, rubuta shekarun ɓaro-ɓaro a rahoto.

Cikin sunayen nan, Bebi Buma kaɗai ke tsaye kan abin da aka ƙidaya. Bayan yaƙin duniya na biyu haihuwa ta yi tashin gwauron zabi a Amurka, an haifi jarirai kimanin miliyan 76 a waɗannan shekaru 19, kuma daga 1954 zuwa 1964 kowace shekara sai an haura miliyan 4. Shi ya sa hukumar ƙidayar Amurka take aiki da wannan sunan. Sauran kuwa marubuta da masu talla ne suka raɗa, aka bi su daga baya ana neman inda za a ja layi.

Batun ko mutane na amsa sunan, Pew ta gwada a 2015. Kashi 79 cikin 100 na 'yan Buma sun ce eh, su ne. Gen X kashi 58. Mileniyal kashi 40 kacal, kuma kashi 33 nasu, galibi manyan cikinsu, cewa suka yi su Gen X ne. Tsarar masu shiru ta fi kowa tsere wa sunanta, kashi 18 ne suka karɓa. Ka lura, wannan a ƙasar da aka raɗa sunayen ne, inda jaridu ke maimaita su kullum. A 2021 Philip Cohen, masanin zamantakewa a Jami'ar Maryland, ya jagoranci buɗaɗɗiyar wasiƙa yana neman Pew ta daina amfani da su, kuma a Mayun 2023 Pew ta ce ta rage, ba za ta yi nazarin tsara ba sai tana da tsofaffin bayanan da za ta kwatanta mutane a shekaru iri ɗaya.

A wurinmu rigar aro ce. Najeriya da Nijar ba su yi wani tashin haihuwa na musamman a 1946 da ya faɗi a 1964 ba, haihuwa tana sama kafin nan da bayan nan. Ƙasashen da suka yi nasu sunayen daga tarihinsu suka ɗauko: Afirka ta Kudu tana da waɗanda aka haifa cikin 'yanci bayan 1994, Sin tana da 'yan bayan 1980 da suka taso ƙarƙashin dokar ɗa ɗaya, Japan kuma nata tashin haihuwar shekara uku ne kawai, 1947 zuwa 1949.

Hajiya Rabi Damagaram

Malam Kabiru ya gama da asalin sunayen. Ni inda nake hango matsala shi ne shekarun kansu, domin kafin ka jefa mutum a wata tsara sai ka san shekarar haihuwarsa daidai, kuma a nan aikin yake lalacewa.

Idan ka tambayi mutane "shekarunka nawa?", amsoshi za su taru a kan 25, 30, 35, 40, 45. Ɗauki 2025 a matsayin shekarar bincike ka ga ɓarnar. Mai shekara 28 haihuwar 1997 ne, Gen Z ke nan, amma in ya ce 30 ka mayar da shi 1995, ya zama Mileniyal. Mai 43 ko 44 da ya ce 45 ya faɗa 1980, ya koma Gen X. Mai 61 ko 62 da ya ce 60 ya fita daga Buma. Duka layuka ukun suna dab da lambobin da mutane suka fi furtawa. Sannan wanda ke lissafa shekarunsa da azumi yana bin shekarar Hijira, wadda ta gaza ta boko da kwana 11, don haka duk shekara 33 yana samun ƙarin ɗaya. Katin shaida ma kada ka sakankance da shi. A Nijar takardu da yawa "wajajen shekara kaza" aka rubuta, ranar kuma 1 ga Janairu, a Najeriya kuma kowa ya san yadda takardar rantsuwar shekaru ta kotu ke rage wa mutum biyu ko uku don makaranta ko aiki.

Ga yadda za a rage kuskuren. Tambayi shekarar haihuwa a farkon hira, shekarun mutum a ƙarshenta, ka gwama su. Inda suka saɓa da fiye da shekara ɗaya, mai tambaya ya ɗauko jadawalin abubuwan tarihi. An yi sa'a biyu daga cikin layukan suna da alamomi masu kyau a ɓangaren Kano: rikicin Maitatsine a Disamban 1980 yana daidai kan iyakar Gen X da Mileniyal, annobar sanƙarau ta 1996 da rasuwar Abacha a Yunin 1998 sun saka iyakar Gen Z a tsakiya. Kafin su akwai komawa tuƙi hannun dama a 1972, shigowar naira a 1973, kisan Murtala a Fabrairun 1976. Ɓangaren Damagaram na buƙatar nasa jadawalin daban: hawan Seyni Kountché mulki a 1974 da rasuwarsa a Nuwamban 1987, karyewar darajar sefa a Janairun 1994, juyin mulkin Ba'are a Janairun 1996. Tambayar ita ce "an ce an haife ka kafin abin ko bayansa?", ko "kana da wayo lokacin?" Ga mata, shekarun ɗan fari da shekarunta lokacin aure sun fi komai saurin warware lissafi.

Bayan an tattara takardu, auna girman matsalar da ma'aunin Whipple. Ware masu shekara 23 zuwa 62, ƙirga waɗanda shekarunsu suka ƙare da 0 ko 5, raba da jimillar waɗanda ka ware, ninka da 500. In ka samu 100, babu taruwa. Daga 125 zuwa 175 bayanan sun yi rauni, in ya haura 175 kuwa kada ka kuskura ka ja layi tsakanin 1996 da 1997, sai dai rukunin shekara goma-goma da lambobin 0 da 5 ba za su faɗo a bakin iyakarsa ba, misali 23 zuwa 32, 33 zuwa 42.

Wani abu kuma, yawan mutanen. Mutum 400 na ba da kuskuren kusan maki 5 sama ko ƙasa. Da ka raba su huɗu, rukuni mai mutum 100 kuskurensa ya kai maki 10. 'Yan Buma kuwa, a ƙasashen da rabin jama'a ba su kai 20 ba, da wuya ka samu fiye da 40 cikin 400, ga shi za ka sake raba su gari biyu. Kashi cikin ɗari da aka ciro daga mutum 20 bai isa a kafa hujja da shi ba.

Dokta Nafi'u

Na yarda da Hajiya ɗari bisa ɗari. Amma Malam Kabiru, da girmamawa, ba zan ce a watsar da tambayar gaba ɗaya ba. Suna yana iya zuwa daga waje mutane su mayar da shi nasu. A Kenya, matasan da suka fito kan dokar haraji a Yunin 2024 da bakinsu suka kira kansu Gen Z. Ɗalibin jami'a a Kano mai TikTok a wayarsa zai iya sanin sunan sarai, ya kuma amsa shi, alhali sa'ansa da ke noma a ƙauye bai taɓa jin sa ba. Wannan bambancin kansa sakamako ne da gidan rediyo zai amfana da shi. Sai dai abin da tambayar ke aunawa a nan shi ne ilimin boko, zaman birni da intanet, don haka dole a tambayi waɗannan ukun a gwama.

Jerin tambayoyin na da muhimmanci. Ka fara da buɗaɗɗiya, babu zaɓi: "su wa kake ɗauka tsararka?" A rubuta amsar yadda ta fito. Za ka ji ana ambaton waɗanda aka yi makarantar allo ko firamare tare, waɗanda aka yi aure lokaci ɗaya, 'yan majalisa ɗaya, kuma tazarar ba ta cika wuce shekara biyu zuwa biyar ba, ba 16 irin ta Mileniyal ba. Bayan nan sai "ka taɓa jin ɗaya daga cikin sunayen nan?", a karanto su ɗaya bayan ɗaya, a cusa na bogi guda, kamar Gen W. Mutanenmu na da kara, wasu za su ce eh don kada su ba baƙo kunya, yawan masu amsa na bogin shi zai nuna maka girman wannan. Sai waɗanda suka san sunan kaɗai za a tambaya ko ya dace da su: sosai, kaɗan, bai dace ba, ban sani ba. Kada mai tambaya ya yi bayanin ma'anar sunan, in ya yi, bayaninsa ka auna.

Ka kuma sa ran wasu su ƙi suna don abin da ke manne da shi. A binciken 2015 ɗin nan, kashi 59 na Mileniyal sun siffanta tsararsu da son kai. Nan ma wanda ya ji ana cewa "yaran Gen Z ba su da kunya" zai nesanta kansa ko da haihuwar 2000 ne, musamman in ya yi aure yana da iyali.

Babban tarkon yana wurin fassara sakamako. In ka ga 'yan 20 sun fi 'yan 50 sauraron shirye-shirye ta waya, dalili uku ne ke iya jawo shi: ƙuruciya, wadda za ta wuce, zamanin da kowa ke ciki, ko kuma abin da tsarar ta taso da shi, kamar shigowar wayar salula a 2001. Shekarar haihuwa ita ce shekarar bincike a cire shekarun mutum, saboda haka bincike na lokaci ɗaya ba shi da hanyar rarrabe ukun. Sai an samu bayanan 'yan 20 na da a kwatanta da 'yan 20 na yau. Binciken lafiya da yawan jama'a na DHS, wanda aka fara a Najeriya a 1990 da Nijar a 1992, yana da tambayoyin sauraron rediyo, can za ka duba.

Sadisu_Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura abu ɗaya: masu ba da aikin sun dage sai sun ga sunayen a rahoto. Yaya za a yi a ba su abin da suke so ba tare da an yi ƙarya ba?

Malam Kabiru Zariya

Dokta, na karɓi gyaran, a bar tambayar a yadda ka jera ta.

Malam Sadisu, ajiye shekarar haihuwa a gurbinta a kwamfuta, kada a shigar da sunan tsara kai tsaye daga fili. Daga wannan gurbin za ka iya fitar da kowane rabo daga baya. Babban jadawalin rahoto ya kasance na rukunin shekaru irin wanda Hajiya ta kawo, na sunayen kuma ya biyo baya a matsayin ƙari, kowane suna da shekarunsa da adadin mutanen da ke ciki a rubuce a kansa. Haɗe Buma da Gen X su zama "haihuwar 1980 zuwa baya", tunda Buma ba za su isa su tsaya su kaɗai ba. Gen Z ɗinka ma ba cikakke ba ne, in manya kawai za a tambaya, a 2025 haihuwar 1997 zuwa 2007 kaɗai ka kama, sai a rubuta hakan a ƙasan jadawalin. Kano da Damagaram a nuna su daban kafin a haɗa. Kafin a buga takardu 400, a gwada tambayoyin kan mutum 15 zuwa 20 a kowane gari, maza da mata, masu boko da marasa shi, kuma mata su yi wa matan aure tambaya a cikin gida.