Neman shawara: maƙwabciyata 'yar Duruwid tana so ta kira sunan mahaifina a bikinsu na matattu

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Birtaniya. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ina aikin jinya a wani asibiti a yankin Wiltshire, kuma shekara uku ke nan muna katanga ɗaya da wata dattijuwa Baturiya wadda ta haura shekara saba'in. Da mahaifina ya rasu a Zariya cikin watan Maris, ina bakin aikin dare labarin ya iske ni, kuma kafin in samu jirgi an riga an kai shi makwancinsa. Wannan matar ce ta riƙe mini yarana biyu har kwana goma sha biyu da na yi a gida, ta kai su makaranta ta ɗauko su, kuma tun kafin in tafi ita da kanta ta tambaye ni shagon da ake sayar da naman halal.

Na daɗe da sanin cewa ba ta zuwa coci. A ƙarshen lambunta akwai wani faffaɗan dutse da take ajiye kwanon ruwa da kyandir a kai, kuma ta taɓa gaya mini cewa ita 'yar Duruwid ce, amma ban taɓa bin diddigi ba. Makon jiya ta ce mini a daren 31 ga Oktoba su kusan goma sha biyar za su taru a wani ɗan daji domin bikin da suke kira Sawin, inda ake ambaton waɗanda suka rasu a cikin shekarar. Ta gayyace ni, ta kuma ce idan ba zan samu zuwa ba, in ba ta izini ta kira sunan Baba tare da na mijinta. Da hawaye ta faɗa, ni kuma nauyinta ya hana ni cewa komai sai dai zan yi tunani. Don Allah wanda ya san abin da ake yi a wurin ya bayyana mini, sannan ku gaya mini ko zan iya zuwa a matsayin 'yar kallo, da yadda zan yi da maganar sunan ba tare da na zama butulu ba.

Amsa daga wani ɗalibin tarihi a Cardiff:

Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Zan fara da asalin mutanen, domin sunan yana ruɗa jama'a da yawa. Duruwid na farko su ne limamai da alƙalai da malaman ƙabilun Kelt a ƙasar da take Faransa a yau da Birtaniya da Ireland, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Ba su rubuta koyarwarsu ba, haddace ta suke yi, kuma Yuliyus Kaisar wanda ya ci ƙasarsu da yaƙi ya ce ɗalibi kan yi har shekara ashirin yana karatu. Rumawa sun far wa cibiyarsu a tsibirin Anglesey wajen shekara ta 60 miladiyya suka sare kurmin da suke bauta a ciki, daga baya Kiristanci ya shafe sauran. Kusan duk abin da aka sani game da su daga alƙalamin baƙi da abokan gabansu ya fito.

Waɗanda kike gani yau farfaɗo da abin suka yi. A 1740 wani Bature mai binciken kayan tarihi, William Stukeley, ya yayata ra'ayin cewa Duruwid ne suka gina Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsun nan, ga shi nan kusa da ke, alhali masana sun tabbatar an kafa manyan duwatsun wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tun kafin a ji ɗuriyar Duruwid. A 1781 aka kafa wata ƙungiyar zumunci da wannan suna a Landan, sannan a 1792 wani ɗan Wales mai laƙabin Iolo Morganwg ya shirya taron mawaƙa a tudun Primrose Hill da ke Landan, ya kawo addu'o'i da tsare-tsare ya ce na gado ne, daga baya aka gano shi ya ƙirƙiri mafi yawansu. Reshen da ya bari yana nan a Wales a matsayin al'adar harshe da waƙa, har ma Rowan Williams ya shiga cikinsa a 2002 gab da zamansa babban limamin Cocin Ingila. Amma taron da maƙwabciyarki ta siffanta na ɗaya reshen ne, wato na ibada. Babbar ƙungiyarsu a nan ita ce OBOD (Order of Bards, Ovates and Druids) wadda Ross Nichols ya kafa a 1964, kuma a 2010 hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales ta yi wa The Druid Network rajista a matsayin ƙungiyar addini. A ƙidayar 2011 mutum 4,189 ne suka rubuta Duruwid a gurbin addini. Saboda haka kada ki ɗauke shi wasan gargajiya, domin masu yin sa ba su ɗauke shi haka ba.

Amsa daga wata 'yar'uwa a Swindon:

'Yar'uwa, ina yi miki ta'aziyya. Aikina ya shafi hulɗa da mabiya addinai daban-daban, kuma ya taɓa kai ni wani buɗaɗɗen taronsu a Avebury, wani ƙauye mai tsohuwar da'irar duwatsu a Wiltshire, don haka zan faɗa miki abin da idona ya gani. Suna da bukukuwa takwas a shekara: huɗu suna bin tafiyar rana, wato yini mafi tsawo da mafi gajarta da ranakun nan biyu da dare da rana suke daidaita, huɗu kuma tsoffin bukukuwan Ireland ne, cikinsu har da Sawin da ke buɗe lokacin sanyi. A imaninsu, a wannan daren shamakin da ke tsakanin rayayyu da matattu yana yin sirara.

Ana tsayawa ne a da'ira. Wani zai fuskanci kusurwoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya yana shelar zaman lafiya, a zagaya da'irar da ruwa da hayaƙin turare domin tsarkake ta, sannan a gaida ruhohin wurin, wato na itatuwa da ƙorama da ƙasar da aka taka, a nemi yardarsu. Bayan haka a kira magabata, kuma sukan kasa su uku: na jini, da na ƙasar da ake tsaye a kanta, da na tafarkin da suke bi. Wasu kan kira alloli da sunayensu, irin su Brigid da Ceridwen. Sukan ja kalmar Awen da murya ɗaya, kalmar Wales ce mai nufin ilhama. A ƙarshe a zagaya da burodi da ƙoƙon giyar zuma, a zuba wa ƙasa rabonta, a sallami waɗanda aka kira.

Abu biyu nake so ki lura da su. A ƙaramin taro na mutum goma sha biyar cikin daji da dare babu gurbin ɗan kallo, domin duk wanda ya zo cikin da'irar ake sa shi, kuma ƙoƙon zai iso hannunki. Ni da na je, da rana ne a fili mai ɗaruruwan masu yawon buɗe ido, na tsaya nesa, amma duk da haka sai da aka yafito ni. Na biyu kuma shi ne ambaton sunan. Ba kamar karanta sunayen sojoji ba ne a ranar tunawa da su. Lafazin da ake amfani da shi gayyata ce: ana kiran mamacin ya zo ya tsaya tare da su a bakin wuta, wasu har abinci suke ajiye masa. Ba su da wata muguwar manufa, mutane ne masu taushin hali da son itatuwa, amma ma'anar kiran ke nan a wurinsu.

Amsa daga wani ɗan'uwa da ya zauna a Amurka:

Ina so in ƙara cewa ba su da aƙida ɗaya. A Amurka akwai wata ƙungiyar Duruwid mai suna ADF da Isaac Bonewits ya kafa a 1983, su kam a fili suke cewa alloli da yawa suke bauta wa, kuma kowace ibadarsu tana kan dangi uku: alloli, da magabata, da ruhohin halitta. Suna kafa wuta da rijiya da itace a tsakiya, su zuba mai ko hatsi a wuta, su jefa azurfa a ruwa, sannan su yi duba don su ji ko an karɓa. A OBOD kuwa za ki tarar da mai alloli da yawa, da Kirista, da wanda yake ganin duk abin misali ne kawai. Ki tambaye ta abin da ita take nufi idan ta kira suna, domin amsarta za ta nuna miki kalmomin da za ki yi mata bayani da su.

Amsa daga wata matashiya a Manchester:

Anti, ni a ganina kada ki je, amma ki bar ta ta kira sunan. Baba yana hannun Ubangijinsa, kiran wata dattijuwa a dajin Ingila ba zai taɓa shi da komai ba. Matar nan ta rasa miji, abin da ya fi daraja a hannunta shi ta miƙo miki, kuma ina jin tsoron ƙin karɓa zai karya mata zuciya a banza.

Amsa daga wani malami a Birmingham:

'Yata ta Manchester ta yi gaskiya a rabi, domin babu abin da zai cutar da mamaci daga wannan kira. Sai dai tambayar ba a kan mamacin take ba, a kan mai ba da izini take. Da maƙwabciyar ta kira sunan a ranta ba tare da ta tambaya ba, da babu abin da ya hau kan 'yar'uwarmu. Tunda ta nemi izini, amincewa ta zama sa hannu a cikin ibadar da ake kiran wanin Allah a cikinta, kuma kiran matattu da iskokin wuri abu ne da muka san hukuncinsa tun a gida, inda iyayenmu suka rabu da kai wa tsamiya da kuka baiko. Mutumin da ya rayu yana sallah, hakkinsa ne a kan 'yarsa ta kiyaye masa sunansa daga inda shi da kansa ba zai yarda a kai shi ba.

Hajiya, wannan bai rage komai daga hakkin maƙwabciyarki ba. Manzon Allah (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Kada ki ƙirƙiro uzurin aiki, domin bikin zai dawo baɗi, ƙaryar kuma za ta buƙaci wata. Ki shiga gidanta da kanki, ki fara da godiya, ki gaya mata cewa a addininmu ba a kiran mamaci, roƙa masa ake yi wurin wanda ya halicce shi, kuma sadaka da addu'ar 'ya'ya su ne suke isa gare shi. Wanda ya riƙi nasa addinin da gaske yakan fahimci wanda ya riƙi nasa. Sannan kada ki bar hannunta wayam: ki yi sadakar abinci saboda Baba, ki kai mata nata kwanon, ki zauna ki ba ta labarinsa, ki kuma saurari labarin mijinta.

Bayani daga mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan la'asar na shiga wurinta, na fara da tambayar da ɗan'uwanmu na Amurka ya ba da shawara. Ta ce ita ta yi imani mijinta yana jin ta idan ta kira shi a daren, kuma ta so Baba ya san cewa jikokinsa suna hannu nagari. Wannan maganar ta sa ni kuka, amma ta sauƙaƙa mini bayanin, domin na gaya mata cewa ni ma kullum ina ambaton Baba, sai dai ga Allah nake kai sunansa. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a tafarkinsu ba a kawo magabacin wani cikin da'ira ba da yardar zuriyarsa ba, shi ya sa ta tambaya, kuma ba za ta kira shi ba. Na lura ranta ya ɗan sosu, ban kuma yi ƙoƙarin nuna kamar ban gani ba. Ranar Juma'a zan dafa tuwon shinkafa da miyar taushe, abincin da Baba ya fi so, ta ce za ta zo da hotunan mijinta. Abin da ya rage mini yanzu shi ne babbar 'yata mai shekara tara, wadda ta ji maganar dajin da wutar tana tambaya me ya sa ba za mu je ba, kuma zan so iyaye a cikinku su faɗa mini yadda suka yi wa yaransu irin wannan bayani ba tare da yaron ya raina dattijuwar da ta riƙe shi ba.